Na'urar Kwaikwayo da Aikin Hannu a Horon Masu Sana'o'in Fasaha

Duk makarantar da ke horar da mutanen da za su yi aiki da injina, ko da wutar lantarki, ko da jikin ɗan Adam, tana fama da wata matsala wadda ta girmi kwamfuta da ƙarnuka, wato ɗan koyo ba ya ƙwarewa sai ya yi ta kuskure, alhali kuskuren da aka yi a kan abu na gaske yana cin kuɗi, wani lokaci ma yana cin rai. Hanya ta farko da aka sani tun kaka da kakanni ita ce koyo da hannu, inda ake sa ɗan koyo a gaban ainihin aikin, a ƙarƙashin idon wanda ya riga shi, ya taɓa, ya ɓata, a gyara masa. Hanya ta biyu ita ce kwaikwayo, wato a ƙera wani abu da ke nuna halin ainihin aikin ba tare da haɗarinsa ba, ko mutum-mutumi ne na roba, ko ɗakin tuƙin jirgi da ke tsaye a ƙasa, ko manhajar kwamfuta, ko tabarau mai jefa mutum cikin duniyar zane. Muhawarar da ake yi a kan wadda ta fi a cikinsu takan yi zafi ne a duk lokacin da wata sabuwar na'ura ta shigo kasuwa, kuma mafi yawan masu yin ta sukan manta cewa akwai bincike na fiye da shekaru ɗari da ya riga ya warware wani sashe na tambayar.

Kwaikwayo ya fara kafuwa ne a sana'o'in da kuskurensu ba ya gyaruwa. A shekarar 1759 Sarkin Faransa Louis na 15 ya ba wata ungozoma mai suna Madame du Coudray izinin zagaya ƙasar tana koyar da matan karkara karɓar haihuwa, ta kuwa shafe fiye da shekaru ashirin tana yin haka da wani mutum-mutumi da ta haɗa da ƙyalle da fata, mai siffar ƙugun mace da jariri da mabiyiya, wanda har yau akwai guda a gidan tarihi na birnin Rouen. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya yi amfani da zuga-zugan da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa ya ƙera wani akwati mai karkata da juyawa kamar jirgin sama, amma bai sami masu saye na kirki ba sai a 1934, lokacin da sojojin saman Amurka suka karɓi jigilar wasiƙu suka kuma rasa matuƙa fiye da goma cikin 'yan watanni, galibi saboda ba su iya tuƙi cikin hazo da duhu da agogunan jirgi kaɗai ba. Rundunar ta sayi akwatuna 6, kuma kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera sama da 10,000, an horar da matuƙa kimanin 500,000 a cikinsu. A 1960 kuma Asmund Laerdal, mai ƙera 'yan tsana a garin Stavanger na ƙasar Norway, ya fito da mutum-mutumin da ake koyon hura wa wanda numfashinsa ya ɗauke iska a baki. A waɗannan wurare uku babu wanda ya yi tunanin na'urar za ta maye gurbin haihuwa ta gaske ko tashi na gaske, manufarsu kawai ita ce kada kuskuren farko na ɗan koyo ya faɗa a kan mai rai.

Ma'aunin da masana ke amfani da shi wajen tantance amfanin kowane horo shi ne tsallakewar koyo, wato gwargwadon abin da mutum ya koya a wuri ɗaya da ke bin sa zuwa wurin da zai yi aiki. Tun a 1901 masana halayyar ɗan Adam biyu, Edward Thorndike da Robert Woodworth, suka nuna cewa ƙwarewa a aiki ɗaya ba ta amfanar wani aikin sai gwargwadon abubuwan da ayyukan biyu suka yi tarayya a kai. Masu horar da matuƙa sun mayar da wannan tunani lissafi mai sauƙi, inda ake raba awannin tashi na gaske da aka rage da awannin da aka shafe a na'ura. Idan, alal misali, ɗalibin da bai taɓa shiga na'ura ba yana buƙatar awa 50 a sama kafin ya ci jarrabawa, wanda ya yi awa 10 a na'ura kuma ya ci da awa 45, to kowace awa ta na'ura ta biya rabin awa ta jirgi. Wani nazari da aka yi wa ma'aikatar tsaron Amurka a 1977, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya sami matsakaicin da ya kusanci wannan rabin, kuma tunda awa ɗaya a na'ura ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin awa ɗaya a babban jirgi ba, ribar a fili take. Sai dai Stanley Roscoe na Jami'ar Illinois ya ƙara wani abu da masu sayar da na'urori ba su cika son ambatawa ba, wato awannin farko a na'ura su ne masu albarka, na baya kuwa amfaninsu yana ta raguwa har ya kai matsayin da zaman ɗalibi a cikinta ɓata lokaci ne.

A fannin likitanci aka sami hujjojin da suka fi ƙarfi a wannan ƙarni. A 2002 masu bincike a Jami'ar Yale sun raba likitoci 16 masu koyon tiyata gida biyu, aka horar da rabi a na'urar kwamfuta mai kwaikwayon tiyatar ƙaramin huji, wato wadda ake yi da dogayen kayan aiki da kyamara ba tare da an tsaga ciki ba, sannan aka sa kowa ya cire maɗaciyar majinyaci na gaske a gaban ƙwararre. Waɗanda suka bi ta na'ura sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kuma kurakuransu sun gaza na sauran har ninki shida. Mutum 16 ba su da yawa, amma gwajin ya yi tasiri saboda an auna sakamakonsa a ɗakin tiyata, a jikin mutum. A wani nazari da aka wallafa a 2009 kuma, wani asibitin koyarwa na Jami'ar Northwestern a Chicago ya wajabta wa likitocinsa masu koyo su maimaita saka bututu a babbar jijiyar wuya ko ƙirji a jikin mutum-mutumi har sai kowa ya kai wani matakin da aka gindaya, sai yawan cutar jini da bututun ke jawowa ya faɗo daga 3.2 zuwa 0.5 a cikin kowace kwana 1,000 da bututu ya yi a jikin majinyata. Mafi girma a cikin irin waɗannan nazarce-nazarce shi ne wanda majalisar hukumomin aikin jinya ta Amurka ta wallafa a 2014, wanda ya bi ɗalibai 666 daga makarantu 10, inda aka maye wa wasu kashi 25 na awannin asibiti da kwaikwayo, wasu kuma kashi 50, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a jarrabawar lasisi ko a yadda shugabanninsu suka auna su a watanni shida na farkon aiki.

Dalilan wannan nasara ba ɓoyayyu ba ne. Na'ura tana ba da damar maimaici, kamar allon makaranta da ake rubutawa a wanke a sake, ta yadda abin da ɗalibi zai gani sau biyu a wata a asibiti zai iya yin sa sau talatin kafin azahar. Tana kawo abin da ba kasafai yake faruwa ba a lokacin da malami ya ga dama, ko mutuwar injin jirgi yana cikin tashi, ko ɓallewar jini bayan haihuwa, abubuwan da ba wanda zai haddasa su da gangan don a koya. Tana riƙe bayanin duk motsin da ɗalibi ya yi, don haka gyaran malami yakan dogara a kan abin da aka auna. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato na'ura na iya nuna abin da ido ba ya gani a zahiri. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Colorado aka wallafa a 2005, an ba wasu ɗaliban kimiyyar lantarki batir da waya da ƙwan fitila na gaske, wasu kuma aka ba su manhajar PhET, wadda Carl Wieman, mai lambar Nobel, ya assasa a 2002, kuma wadda ke zana yadda wuta ke gudana a cikin waya. Da aka zo gwaji, 'yan manhaja sun fi fahimtar ƙa'idar, har ma sun fi saurin haɗa da'irar wuta ta gaske da hannunsu, domin su lokacinsu ya tafi a kan tunanin inda wuta ke bi, 'yan uwansu kuwa a kan fama da wayar da ta kwance da batirin da ya yi sanyi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ingancin kwaikwayo yana tafiya ne da tsadarsa da kuma yadda ya yi kama da abin gaske a ido, amma abin da ya faru a Tanzaniya ya nuna akasin haka. A can an horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya yadda za su taimaki jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba a cikin minti na farko, da wata 'yar tsana ta roba da ake cika ta da ruwa don ta yi nauyin jariri, malami yana matsa wata 'yar roba da hannu don a ji bugun cibiya. Nazarin da aka wallafa a 2013 daga asibitoci 8 ya nuna mace-macen jarirai a cikin awa 24 na farko sun ragu da kashi 47 cikin 100. Abin da ya fi wannan koyarwa shi ne abin da aka gani a asibitin Haydom da ke arewacin ƙasar, inda kwas na yini ɗaya ya sa ma'aikata suka ƙware a kan 'yar tsanar, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai sauya ba. Sai da aka ajiye 'yar tsanar a cikin sashen haihuwar kansa, ana maimaita atisaye na 'yan mintoci a kai a kai, sannan mace-macen suka sauka daga kimanin 11 zuwa kimanin 7 a cikin haihuwa 1,000. Na'urar ɗaya ce a lokutan biyu, abin da ya sauya shi ne kusancinta da wurin aiki da kuma yawan komawa gare ta.

Iyakar kwaikwayo ta samo asali ne daga yadda ake ƙera shi, domin babu abin da ke cikin na'ura sai abin da maƙerinta ya sani ya kuma ga dacewar sakawa, kuma duk inda saninsa ya gaza ko ya karkace, na'urar za ta koyar da wannan karkatar da irin ƙwazon da take koyar da daidai. Masana na kiran wannan gurɓataccen koyo, wato horon da ke sa mutum ya fi muni a wurin aiki fiye da in da bai yi shi ba. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne jirgin American Airlines mai lamba 587, ƙirar Airbus A300, wanda ya faɗi a unguwar Queens ta New York ranar 12 ga Nuwamba 2001 jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 265 suka rasu. Jirgin ya shiga guguwar iskar da wani babban jirgi da ya riga shi tashi ya bari a baya, abin da bai isa ya kayar da irin wannan jirgi ba, amma mataimakin matuƙi ya yi ta taka fedar da ke juya filafilin wutsiya hagu da dama da ƙarfi har wutsiyar ta ɓalle. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, a rahotonta na 2004, ta lissafa tsarin fedar jirgin da kuma horon kamfanin a cikin abubuwan da suka taimaka, domin a wani darasi na na'urar kwaikwayo an tsara ta ta ƙi amsa umarnin matuƙi na ɗan lokaci har jirgi ya karkata ƙwarai, abin da ke iya cusa wa mutum tunanin cewa irin wannan iska tana kifar da babban jirgi kuma sai an yi mata da ƙarfi.

Haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania a watan Maris na 1979 ya nuna ɗaya fuskar matsalar, wato abin da aka bari ba a saka ba. Wani bawul ya maƙale a buɗe ruwan sanyaya tukunyar yana zurarewa, fitilar da ke gaban ma'aikata kuma tana nuna an aika masa umarnin rufewa ne kawai, su kuwa an horar da su su ji tsoron cikar ruwa fiye da kima, don haka suka rage ruwan gaggawa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Irin wannan maƙalewar ta taɓa faruwa a wata tashar a jihar Ohio a 1977, amma darasin bai shiga horon kowa ba. Haka nan bayan faɗuwar jirgin Air France mai lamba 447 a tekun Atlantika a 2009 da mutum 228, an gane cewa na'urorin wancan lokaci ba su da ingantaccen bayani a kan halin jirgi bayan hancinsa ya ɗaga fiye da kima har fikafikai sun daina ɗaukar nauyinsa, sai da hukumar jiragen saman Amurka ta wajabta a gyara na'urorin a kuma fara wannan horo kafin Maris na 2019. A dukan waɗannan lokuta maganin da aka kawo shi ne ƙarin kwaikwayo mai inganci, sai dai kowane gyara ya biyo bayan darasin da duniyar gaske ta riga ta koyar da tsada.

A sana'o'in da ƙwarewarsu ke zaune a hannu da kunne da hanci, gibin ya fi faɗi. Masanin falsafa Michael Polanyi ya yi bayani a wani littafinsa na 1966 a kan ɓoyayyen sani, wato abin da mutum ya iya amma ba zai iya zayyana shi da baki ba, kuma abin da ba a iya zayyanawa yana da wuyar rubutawa a manhaja. Walda ta isa misali. Na'urar kwaikwayon walda, irin VRTEX ta kamfanin Lincoln Electric, tana auna saurin jan hannu, da karkatar sandar walda, da tazarar da ke tsakanin bakinta da ƙarfe, tana kuma nuna wa ɗalibi inda ya kauce nan take, ba tare da an ƙona sanda ɗaya ko an ɓata farantin ƙarfe ba. Abin da ba ta ba shi shi ne zafin da ke ratsa safar hannu, da tartsatsin da ke faɗawa cikin takalmi, da hayaƙin da ke rufe gani, da yadda sanda ke manne wa ƙarfe idan wuta ta yi ƙasa, da ƙarar da gogaggen mai walda ke ji ya san narkakken ƙarfen ya shiga ko a sama ya tsaya. Mai walda a kasuwar Panteka ta Kaduna, wanda ke aiki da janareta mai hawa da sauka a kan ƙarfen da ya sha tsatsa, yana warware matsaloli a kowace sa'a waɗanda babu su a cikin na'urar da aka tsara a kan tsayayyiyar wuta da sabon ƙarfe. Binciken Jami'ar Jihar Iowa ya yi daidai da wannan fahimta, domin a 2011 ɗaliban da suka raba lokacinsu rabi a na'ura rabi a kan wuta ta gaske sun yi daidai da waɗanda suka yi duka a kan wuta, a wasu gwaje-gwajen ma sun fi su, amma a wani nazari na 2013 waɗanda aka horar da na'ura zalla sun riƙe kansu a walda mai sauƙi, suka gaza a mai wuya.

Akwai kuma tsoro, wanda shi ma wani ɓangare ne na sana'a. Ma'aikacin lantarki da ya san cewa wayar da ke gabansa tana iya kashe shi yana motsa hannunsa daban da wanda ya san mafi munin abin da zai same shi shi ne jan rubutu a fuskar kwamfuta, kuma natsuwa a gaban haɗari na gaske ba ta samuwa a inda babu haɗarin. Wannan rashin tsoro shi ne ke sa kwaikwayo ya yi daɗin koyo a farko, shi ne kuma ke iya haifar da sakaci idan an daɗe a cikinsa.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa koyon gargajiya bai san dabarar rage tsadar kuskure ba. Jean Lave, wadda ta yi nazarin teloli 'yan ƙabilun Vai da Gola a birnin Monrobiya na Laberiya a shekarun 1970, ta lura cewa yaron shago yana koyon aikin ne daga ƙarshensa zuwa farkonsa, ya fara da guga da ɗinka maɓalli da kalmasa, sannan ya hau keke, yanka kuwa, inda kuskure ɗaya ke lalata yadin mai kaya gaba ɗaya, shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya san shagon tela ko garejin bakanike a Kano ko Damagaram ya san wannan jeri, inda yaro ke shafe watanni yana wanke kayan inji da miƙa sifana kafin a bar shi ya kwance wani abu da kansa. Amma wannan hanya tana da nata aibobin da masu yabonta kan tsallake. Abin da yaro zai koya ya dogara ne a kan motar da ta shigo gareji, don haka yana iya shekara uku bai ga wata matsala ba ko sau ɗaya. Lokaci mai yawa yana tafiya a aike da share-share, wani maigidan yana ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya yi saurin tashi, kuskuren maigida kuma yana zama gadon duk wanda ya koya a hannunsa, tunda babu wani ma'auni a waje da za a gwada shi da shi. Motocin yanzu da kwamfuta ke sarrafa man da suke sha da wutar da suke bayarwa sun ƙara tona wannan rauni, domin kunne da hannu ba sa gano laifin da ke cikin na'urar auna iska, sai wanda ya fahimci yadda tsarin ke aiki, kuma a nan ne manhajar da ke nuna cikin inji ke da abin ba bakaniken da ya shekara ashirin a sana'a.

A wasu sana'o'in bambancin ya kusa gushewa, saboda ainihin aikin ma a fuskar kwamfuta ake yin sa. Mai koyon haɗa kwamfutoci su yi magana da juna da manhajar Packet Tracer ta kamfanin Cisco yana rubuta kusan umarnin da zai rubuta a kan na'ura ta gaske, haka ma mai tsara aikin injin yankan ƙarfe mai kwamfuta, wanda ko bayan ya ƙware sai ya gwada shirinsa a kwaikwayo kafin ya saki wuƙar inji. Abin da ya rage musu na hannu kaɗan ne, kamar matse kan waya da gano wadda ɓera ya ci a cikin silin, kuma ana koyonsa cikin makonni.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne wajen ɗauko sakamakon waɗannan nazarce-nazarce a kai shi ƙasashen da yanayinsu ya bambanta. Kusan duk gwajin da ya nuna cewa kwaikwayo na iya ɗaukar rabin horo an yi shi ne a inda ɗaya rabin yake nan daram, da asibiti mai majinyata da malamai, ko ɗakin walda mai wuta da ƙarfe, kuma masu nazarin aikin jinya na 2014 sun gindaya sharaɗin cewa malamai su kasance an horar da su musamman, a kuma zauna da ɗalibai bayan kowane atisaye a warware abin da ya faru dalla-dalla. A Nijeriya matsalar makarantun fasaha da yawa ita ce wancan rabin na gaske shi ne ya ɓace. Lokacin da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982 an shigo da injinan koyar da fasaha zuwa makarantun sakandare, da yawansu kuma suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san su. Shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ya ƙirƙiro a 1973 don ɗalibai su yi watanni a masana'anta, ya dogara ne a kan samuwar masana'antun, kuma rufewar masaƙu da sauran kamfanoni a Kaduna da Kano ta rage wuraren da ɗalibi zai je. A irin wannan hali ɗakin kwamfuta mai manhajar kwaikwayo yana da sauƙin saye da sauƙin nunawa ga baƙi, kuma akwai fargabar ya zama hujjar daina neman kuɗin ƙarfe da man janareta. Na'urar kanta ma tana da nata ci, domin tana son wuta tsayayya, da sabunta lasisin manhaja da kuɗin waje, da mai gyara idan ta tsaya, waɗanda su ne ainihin abubuwan da suka kashe injinan 1982.

Fannin jiragen ruwa ya nuna inda dokar duniya ta ja layi. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda ke tsara horon ma'aikatan jirgin ruwa, ta wajabta koyon aiki da na'urar hango jirage a kwaikwayo tun gyaran da aka yi mata a 1995, amma har yanzu tana neman ɗalibi ya yi aƙalla watanni 12 a teku kafin a ba shi takardar jami'in da zai riƙe tuƙi. A wannan shekarar ta 1995 aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a Nijeriya, kuma tun daga lokacin ɗaliban makarantar horon jiragen ruwa ta Oron a jihar Akwa Ibom suke fama da neman jirgin da zai ɗauke su su cika waɗannan watanni, wasu su gama karatu su zauna shekaru ba takarda, komai kyan na'urorin da makarantar ta saya. A sufurin sama kuwa lamarin ya juya, domin ana buƙatar matuƙan jiragen fasinja su koma na'ura a gwada su kusan kowane wata shida, kuma rashin isassun na'urori a cikin gida ya daɗe yana tilasta wa kamfanoni tura su ƙasashen waje da dala, abin da ya sa samun na'urar kwaikwayon Boeing 737 a kwalejin horon jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya zama batun tattalin arziki.

Hukumomin da ke ba da lasisi, waɗanda su ne za a tuhuma idan wani ya mutu, sun fi kowa nuna inda amincewarsu da kwaikwayo ta tsaya. Na'urar jirgin sama mafi daraja, wadda ake kira mataki na D, tana da ƙafafu masu motsa ɗakin tuƙi gaba ɗaya, kuɗinta kuma yakan haura dala miliyan 10, kuma doka ta yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon nau'in jirgi a cikinta kaɗai har tashinsa na farko a ainihin jirgin ya kasance da fasinjoji a baya. Amma wannan rangwame na wanda ya riga ya tara ɗaruruwan awanni a sama ne, kuma ko shi sai ya yi tafiye-tafiye da dama da kyaftin mai horarwa a gefensa kafin a sake shi. A walda babu ma irin wannan rangwame, domin makin da na'ura ta ba ɗalibi ba ya shiga takardar shaidarsa. Ana ba shi faranti biyu na ƙarfe ya haɗa a gaban mai duba aiki, a yanko yanki daga mahaɗin, a sa shi a injin lanƙwasa har ya koma kamar harafin U, sannan a duba bayan lanƙwasar, idan tsagar da ta buɗe ta wuce kimanin milimita 3 ya faɗi jarrabawar.